Miyar Ayoyon Mma Barikisu

"Kaɗa da ƙarfi mana, 'yata! Barci kike ji?" in ji Mma Barikisu.

Samiratu ta ci gaba da kaɗa miyar ayoyo, wato lalo. Ɗaliba ce mai koyon aikin kula da jama'a, malaminta ya turo ta unguwar Zogbeli ta taimaka wa wannan tsohuwa, Mma Barikisu. Tun da gobara ta cinye rumfar tsohuwar ba ta ƙara leƙa kasuwa ba, kuma duk wanda ya ambaci damuwa sai ya sha zagi, don ita ba mahaukaciya ba ce. Shi ya sa Samiratu ta fake da koyon girki.

Suna girki suna hira. Samiratu ta ba da labarin rasuwar babanta don tsohuwa ta saki jiki, ita ma ta faɗi nata.

A mako na shida suka shiga kasuwa tare. Samiratu har ta fara tsara rahoton nasara a ranta, sai ta ji Mma tana raɗa wa mai tumatir:

"Majinyaciyata ce. Malaminta ya roƙe ni, wai tun rasuwar ubanta ba ta magana. Dube ta yau, har da dariya!"

Samiratu ta taɓa bakinta. Ashe kuwa dariyar take yi.