Gangara Kyauta Ce

A kan tudu direban ya murɗa makulli, injin ya mutu. Motar kai saƙo ta ci gaba da silalowa shiru, kwalaye na gogar juna a baya.

Tun da mai ya yi tashin gwauron zabi, kamfanin da yake wa aiki ke karɓar ƙari kan kowane kwali, amma abin da ake zuba masa a tanki bai ƙaru ba. "In ya ƙare a hanya, aljihunka," in ji manaja.

Ya daɗe yana kai saƙo a babur, inda ya koyi cewa gangara kyauta ce. Motar kuwa jiya aka ba shi.

Da safe tsohon bakanike ya gargaɗe shi: "Ɗana, mota ba babur ba ce. Birkinta da numfashin inji yake aiki."

"Baba, numfashin nan ya yi tsada," ya ce yana dariya.

Yanzu a kan gangaren, direban ya taka birki, motar ta saurara. Ya sake takawa, da ƙyar. A na uku sai ya ji kamar dutse ya taka.

A gindin gangaren, 'yan makaranta suka kama hannun juna suka shiga titi, don ba su ji ƙarar komai ba.