Nasihar Kawu Rafi'u

"Halas, ya isa, tashi haka nan," in ji Kawu Rafi'u, mai gidan karta a Mahjar, unguwar 'yan ci-rani a ƙasar waje, ya dafe hannun Musbahu da ya cinye kowa tas. "Caca da iyaka, ɗana. Duk wanda na yi wa nasiha bai sake dawowa ba."

Musbahu har da ƙwalla. Da yake ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, balle asusun banki, sai ya damƙa wa Kawu kuɗin ajiya, ya fita yana ta godiya.

A bakin lungu 'yan sanda suka yi caraf da shi.

A ɗakin da ake tsare waɗanda za a mayar gida, ya tarar da Usuman da Hussaini, tsofaffin abokan kartarsa da Kawu ke alfaharin sun shiryu.

Usuman ya matsa masa wuri. "Kai ma ka ci ke nan?"