Awarwaron Nazifi a Ƙafar Akuya

"Inna, ashe akuya kika ɗaura wa awarwaron!" in ji 'yata Tasalla.

Ni na ɗaura, ba na musu. Tunda aka kawo dokar nan, tukunyar gidan yaro mai ƙiba ba ta buɗuwa sai awarwaro mai ƙirga taku da aka sa masa a ƙafa ya shaida ya yi gudu. In bar jikana Nazifi da yunwa? Maƙwabciyata Uwani ma a keken mijinta ta ɗaura na ɗanta.

"To likita ya ce yaro na gudu wuni guda, ƙiba na ƙaruwa. Gobe za su kwantar da shi a asibiti!" in ji Tasalla.

"Su kwantar da akuyar, ita ta wahala."

Tasalla ta fizgi hannun yaron. "Taso mu je fili, da ƙafarka za ka yi gudun."

Ta bugo min ƙofa garam.