Littafin Baƙi na Dutsen Tukunya

Ranar da aka sa hannu a Dokar Bunƙasa Yawon Buɗe Ido, tarihin Jos ya rabu gida biyu. Mutanen Jos dai ba su lura ba, don ranar ana ruwa.

Mutum ɗaya ne ya lura: Mwadkon, jami'in da ke kula da Dutsen Tukunya a bayan Gada Biyu. Dutse ne mai kama da tukunya idan mutum ya karkata kai, kuma yana da kirki. Shekara tara Mwadkon yana gadinsa, ba a taɓa sace shi ba.

Sashe na bakwai na dokar ya ce duk wurin shaƙatawar da baƙo ɗaya daga ƙasar waje bai sa hannu a littafinsa ba cikin wata uku, za a rufe shi, a mayar da jami'insa ɗakin ajiyar fayiloli. Mwadkon ya san ɗakin. Ba taga, kuma ɓerayen ciki sun girme shi a aiki.

Wa'adin zai cika Juma'a da ƙarfe huɗu. Ranar Laraba aka bugo masa waya daga ofis cewa wani ya rubuto daga waje, yana tafe Juma'a.

Mwadkon ya ari kwat. Ya haddace jawabi da Turancin da ya shaƙe hanci, irin wanda yake zaton Bature zai gane. Matarsa Magadaliya ta dafa gwate, faten mutanen Jos, ba barkono, ta zuba a kula, ta sayo cokali mai yatsu, ko da yake har yau ba a ga wanda ya sha gwate da shi ba. Abu ɗaya ya rage: duwatsun bakin hanya. Kowa ya san ba a tarbar babban baƙo a gaban duwatsun da ba su sha farin fenti ba. Wata uku yana roƙon ofis su aiko masa da lebura.

Da ƙarfe tara na safiyar Juma'a, keke napep ya sauke wani baƙin mutum mai silifas, da ƙatuwar jaka a baya, idanunsa ja kamar wanda ya kwana biyu a mota. Ya ce sunansa Robert, kuma ofis ne suka kwatanta masa wurin. Hausarsa ta ɗan karkace, amma a Jos kowa da inda tasa ta karkata.

"Sai yau suka ga dama?" in ji Mwadkon. Ya miƙa masa bokiti da buroshi. "Fara daga bakin titi."

Robert ya dubi bokitin, ya dubi dutsen. "Oga, haka kuke yi wa kowa?"

"Kowa. Al'adarmu ke nan a nan."

Fuskar Robert ta washe. Ya ajiye jaka, ya naɗe hannun riga.

Ba a taɓa ganin lebura irinsa ba. Kowane dutse sai ya shafa masa sau biyu, ya ja baya, ya ɗauke shi hoto. Ya tambayi shekarun Dutsen Tukunya, da wanda ya raɗa masa suna, da ko kakanni ma suna shafa fenti. Mwadkon ya ce masa tarihi na baƙi ne, ya rage surutu.

Rana ta take. Kwat ta fara dafa mai ita. Duk motar da ta rage gudu sai Mwadkon ya buɗe hannuwa ya fara jawabi, ashe ramin titi take kaucewa.

"Baban Yael, bawan Allahn nan bai ci komai ba," in ji Magadaliya.

"Gwaten Bature ne."

"Baturen cikinsa nawa?"

Ta zuba wa Robert a murfin kula. Ya shanye, ya tambayi sunan abincin, ya rubuta a ɗan littafinsa. Magadaliya ta ce a ranta, yaran yanzu, mutum ya girma bai san gwate ba.

Uku da rabi, Robert ya gama. Ya wanke hannu, ya nufi teburin littafin baƙi da aka shimfiɗa wa leshi, ya ɗauki biro. Mwadkon ya yi tsallen da bai yi irinsa ba tun yana firamare.

"Kai! Ka san littafin mene ne wannan? So kake ka ɓata mini shafin farko?"

"Oga, suna kawai zan sa."

"Je ka sa a ofis. Kuma ka bi ta bayan dutse, kada Bature ya iso ya fara da ganin silifas."

Robert ya yi godiya har da rusunawa. Ya roƙi a yi hoto ɗaya tare, aka hana shi. Ya saɓa jaka ya tafi neman mota.

Ƙarfe huɗu daidai Madam Yejide, mai bincike daga ofis, ta iso. Ta buɗe littafin, ta same shi fari fat, ta duba bayan shafin don adalci.

"Bai zo ba ke nan. Ikon Allah. Amma duwatsun sun yi kyau. Wa ya shafa?"

"Leburan da kuka aiko, Madam."

"Mu?" Ta ɗaga kafaɗa. Ba yau ofis ya fara aiki ba da saninsa ba. Ta sa kwaɗo a ƙofar, wadda ba katanga a gefenta, ta miƙa wa Mwadkon takardar canjin wurin aiki. Litinin zai fara. Magadaliya ta ɗauki kula, ta ce gobe sai ta ƙara barkono.

Kwana biyu bayan haka, a kan iyaka, jami'in shige da fice ya kalli farin fentin da ya maƙale a farcen Robert, ya buga masa hatimin fita a fasfonsa na ƙasar Ghana.