Kibod ɗin Malam Aƙilu

Duk mako Malam Aƙilu sai ya taso daga Rogo zuwa shagon kwamfutar Munawwara a Karaye, wai ta sa masa haruffa masu ƙugiya a darussansa, kwamfutarsa ba ta fitar da su. Yau ta gaji da jiran maganar da ya kasa faɗa, ta ɗora masa kibod ɗin Hausa.

"Danna nan," ta ce. Ƙ ta fito raɗau. "To Malam, ka huta da zuwa."

Ya rufe kwamfutar a hankali.

"In kin amince, kawuna zai zo wajen Baba."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta kau da kai tana murmushi.

"Ashe sai an kore ka bakinka yake buɗewa."