Gwangwanin Masu Haƙar Rijiya

Zauna, Sallau. Ka ce kwamfutar kamfaninku ta hana ka haɗa aikin safe da na yamma, wai sai ka huta kafin ta sake sa sunanka, kana ta fushi. Ni ban san kwamfuta ba, aji uku na yi. Amma ga misali.

Wasu mutum uku da babbansu suna haƙar rijiya a wani ƙauye da mata ke tafiyar rabin yini neman ruwa. Babban yana da gwangwani mai ɗan huji a gindi. In mutum ya sauka rami, sai babban ya ɗora gwangwanin a kan ruwan daro. Da ya cika ya nutse, a jawo mutum, kuma ba zai koma ba sai sauran biyun sun shiga sun fito. Ran nan, rami ya kai gaba goma sha huɗu, wanda ya fi su ƙarfi ya ji ƙasa ta yi danshi a bakin digarsa. Daidai nan gwangwani ya nutse. Ya ɗaga murya a bar shi, ruwa ya kusa, ƙarfinsa na nan. Babban da sauran suka ja igiya. Mutumin ya fito yana zagin gwangwani, ya yi taku biyu, ya zube a gindin marke.

Na biyu ya sauka da idon da ya huta. Bai ko ɗaga diga ba ya ce a jawo shi. Ashe gajiya ta sa na farko ya karkace, yana ta rarake ƙarƙashin wani dutse mai girman turmi, saura ƙiris ya rufto masa a ka, shi kuwa bai gani ba. Kwana biyu suka yi suna ciro dutsen, ran na uku ruwa ya fito. Gugan farko, mai zagin nan ne ya karɓa, ya wanke gwangwanin da hannunsa kafin ya sha. Daga ranar a jakarsa gwangwanin yake kwana. Mutumin ya tsufa, ya ga jikoki.

Gwangwani bai san mai ƙarfi ba, ba ya jin roƙo. Alherinsa ke nan. Tashi ka je ka huta, ka gode wa Allah da ya ba ku irinsa. Sannu-sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.