Yatsu Uku na Auta

Sau uku tsohuwar ta sake ɗaurin ɗankwalinta kafin a kira ta ba da shaida.

Ofishin ƙwadagon ɗan ƙaramin ɗaki ne: tebur ɗaya, fanka mai ƙara, kujeru biyu suna fuskantar juna, sai ɗan bencin da aka zaunar da ita. A ɗaya Auta ne, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Injin yankan katako ya tafi da yatsunsa uku. A ɗayar kuma mai shagon kafintan ne, ya ƙura wa takalminsa ido.

Maganar ɗaya ce. In Auta ma'aikaci ne, shago zai biya diyya, ko da sai an sayar da injin. In kuwa ɗan kwangila ne, kamar yadda takardar da ya sa wa hannu ta ce, to yatsu nasa ne, asara ma tasa ce.

Sauran kafintocin kowa ya ce bai san komai ba. Ita kaɗai ta rage. Kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba. Ita da ko sunanta da ƙyar take rubutawa, wai bakinta ne zai raba gardama.

"Mama, mai ƙara ɗanki ne?" in ji jami'in.

"Autana ne."

"Ƙarfe nawa yake fita aiki?"

"Bakwai. In ya makara da minti goma, waya ta fara kuka ke nan."

"Yana yi wa wasu aiki?"

"Wa zai bar shi? Ranar da ya gyara wa maƙwabciya ƙofa, sati guda ana yi masa gori."

"Kayan aikin fa, nasa ne?"

"Ɗan kwangilar da ko guduma bai mallaka ba? Injin nan na san ranar da aka sayo shi. Na san ma abin da aka sayar aka saye shi."

Mai shago ya ɗago kai. Ta kawar da ido, ta ce a ba ta ruwa.

"Takardar nan kuwa," ta ci gaba, "ce masa aka yi ya sa hannu ya zama mai gidan kansa. Har murna na yi, na bi maƙwabta ina faɗa."

Jami'in ya daɗe yana rubutu. Daga bisani ya ce wanda aka yanka wa lokacin zuwa, aka ba kayan aiki, aka hana yi wa kowa aiki, ma'aikaci ne, ko me takarda ta kira shi. Shago zai biya.

Auta bai yi murmushi ba. Mai shago ya miƙe a hankali, ya nufo ta, ya miƙa hannu zai ɗauki jakarta. Sai ga hawaye a fuskarta.

Jami'in ya yi sauri ya shiga tsakani. "Mama, saki ranki, ɗanki ya yi nasara. Wannan mutumin ba abin da zai iya yi miki."

Ta miƙa wa mai shago jakar, ta dafa kafaɗarsa ta tashi.

"Me zai yi mini?" ta ce. "Shi na fara haifa."